Ranar da Kalanguna Ya Koma Kiran Waya

Ba zan taɓa mantawa da bazarar bara waccan ba, ko na so in manta ma Hajiya Tabawa ba za ta bari ba. Zafi aka yi irin wanda za ki cika randa da safe, kafin azahar ruwan ya isa a yi wa jariri wanka da shi. Wuta sai ta ga dama take leƙo mu a Ƙofar Kwaya, tumatir kuwa ya yi tsadar da sai an yi shawara kafin a yanka na uku. Kowa ƙorafi yake yi. Ni kaɗai, Allah Ya yafe mini, nake ta murna a ɓoye, domin a shekarar ce na gama ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara hamsin da biyu. Duk abin da ke da rubutu a jikinsa sai na bi shi na karanta: buhun shinkafa, kwalin ashana, bayan motar itace, har takardar da aka ƙunso mini ƙosai. Maigidana ya ce shi yanzu tsoron daɗewa zaune wuri ɗaya yake yi, kada in zo in karanta shi.

Sai dai ina da wata matsala tun ina yarinya: ba ni da murya. Ba wai ciwo ba ne, haka Allah Ya yi ni. In na yi sallama a gidan mutane sai na yi sau uku, daga nan in haƙura in buga ƙyaure. Shekara uku malamarmu, Malama Asabe, tana fama da ni a kan abu ɗaya. In ta ce in karanta abin da ke allo, sai in karanta daidai, ita kuma ta kama kunnenta ta ce, "Maman Nafisa, da ni kike ko da hijabinki? Ɗaga murya mana!" Aji ya kwashe da dariya, Hajiya Tabawa ta fi kowa. (Ita Tabawa hatsi take sayarwa a Babbar Kasuwa, kujerarmu ɗaya a aji. In ta yi raɗa, 'yan ajin gaba suna amsa mata.)

To, sai aka ce mana Malama za ta ajiye aiki, mu ne ɗalibanta na ƙarshe, kuma za a haɗa bikin yaye mu da na sallamarta rana ɗaya. Kowa ta fara tunanin abin da za ta ba ta. Wasu atamfa, wasu turare. Ni kuwa na zauna da littafina na rubuta mata waƙa, baiti huɗu, da hannuna, ba wanda ya taya ni. Mako biyu ina yi ina gogewa. Ga farkonta:

Malama Asabe, kin riƙe hannuna,
Alli ya karye, ke ba ki karaya ba.
Jiya da yatsa nake dangwala suna,
Yau da alƙalami, ban ji kunya ba.

Burina ɗaya ne a duniya: matar nan ta ji waƙar daga bakina, tun daga farko har ƙarshe, ba tare da ta kama kunne ba.

Ɗiyata Nafisa ita ce ta uku a 'ya'yana (shi ya sa kuka ji ina faɗin sunanta ba kunya). Tana koyar da kwamfuta a wata makaranta, a gida kuma tana haɗa kiɗan talla da na biki a ɗakinta. Ta ga waƙar a littafina, ta karanta, sannan ta ce, "Umma, wallahi sai na yi miki kiɗa."

Na ce, "Ke, rufa mini asiri. Ni da ba a jina ba kiɗa, ina ga an sa kiɗa?"

Ta ce, "Ai makirufo za a ba ki. Zo ki gani."

Ranar na fara zama a ɗakin nan da niyyar kallo, ba shara ba. Tana da wani ɗan fiyano a kan tebur, an jona shi da kwamfuta. Tun da ta saye shi nake tausayinta, don na taɓa danna shi ina goge ƙura, ko tari bai yi ba. Na ɗauka an cuce ta ne tana ɓoye mini.

Ta yi dariya ta ce, "Umma, ai dama bebe ne. Ba ya kiɗa, saƙo kawai yake aikawa. In na danna nan, sai ya gaya wa kwamfuta: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an riƙe shi tsawon kaza, an saki. Shi ke nan. Kwamfutar ce ke rubutawa. Wannan tsarin shi ake ce wa Midi."

Ta danna, sai ga wasu ƙananan sanduna suna jeruwa a fuskar kwamfutar, kamar an kakkarya taliya an baza a faranti, wata sama, wata ƙasa, wata doguwa, wata guntuwa. Ta ce ta sama siririn sauti ce, ta ƙasa mai kauri. Ta yi kuskure a wuri ɗaya, maimakon ta sake daga farko sai ta kama sandar ta ɗan matsar da ita sama. Kuskure ya gyaru. Na tuna yadda nake huda takarda da abin gogewa, na ce a raina, oh, wasu sun ji daɗin duniya.

Daga nan ta nuna mini abin da ya tafi da hankalina. Ta ce, "Saurara." Ta kunna, kiɗan ya fito da muryar fiyano. Ta canza wata lamba, kiɗan dai shi ne, amma yanzu ƙaho ne ke busa shi. Ta sake canzawa, sai ga shi da jita. Sandunan ko motsi ba su yi ba.

Ta ce, "Kin gani? Rubutun ba shi da sauti. Lambar ce ke gaya wa na'ura da wane abu za ta karanta shi. Masu ƙera kayan nan na duniya sun zauna sun yi yarjejeniya, sun jera kayan kiɗa ɗari da ashirin da takwas, kowanne da lambarsa. Lamba ɗaya fiyano ce a Katsina, fiyano ce a ko'ina. Kuma layi goma sha shida ake da su, kowane makaɗi da layinsa, na goma na masu ganguna ne."

Jama'a, sai na ƙara matsowa kusa da kwamfutar. Na ce, "Nafisa, tsaya. Kina nufin kiɗa ma rubuta shi ake yi? Kamar wasiƙa? In ni na karanta ta fito a hankali, in Tabawa ta karanta a ji ta a Ƙofar Sauri, amma maganar ɗaya ce?"

Ta tafa hannu ta ce, "Umma, wallahi ɗalibaina ma ba su gane da wuri haka ba!"

Wannan yabon shi ya kashe ni. Kaina ya kumbura har ɗankwali ya matse ni. Ta ci gaba, "Sai dai akwai abu ɗaya game da kalangun da zan sa miki..." Daidai nan na jiyo ƙaurin wake daga madafa. Na miƙe da sauri. Ta ce, "Umma, akwai sauran bayani fa." Na ce, "Na gane, na gane, wasiƙa ce." Na tafi ceton wake. (Waken ma bai cetu ba, don ku sani.)

Kwana biyar ta yi tana haɗa kiɗan. Dama ta taɓa zuwa gidan wani tsohon makaɗi ta ɗauko sautin kayansa bugu ɗaya-ɗaya ta adana a kwamfutarta. Sai ta tsara mini: sarewa ta buɗe, kalangu ya shigo, algaita ta ja dogon numfashi a bayana, in na kai ƙarshen baiti babbar ganga ta buga sau uku, sannan kiɗan ƙwarya ya ɗan yi wasa kafin in shiga baiti na gaba. Da na ji shi sai da na yi hawaye. Kullum bayan la'asar muna gwaji, ina riƙe da muciya a matsayin makirufo.

Ranar bikin ta faɗo daidai da ranar da Nafisa za ta tsare ɗalibai a jarrabawa, ba halin ta zo. Ta zuba mini kiɗan a filashi. Na ce ta haɗa mini har da rubutaccen, don ina so in ajiye shi kamar yadda na ajiye littafina na aji ɗaya. Ta ce to. Ta sa wa na farko suna "Waƙar Umma, a kunna wannan". Na biyun kuma "Waƙar Umma, rubutu". Har ta sa na karanta mata su da bakina. Yarinyar nan ta yi iya yinta, ina shaida a gaban kowa.

Asabar da hantsi muka hallara a filin makarantar firamaren da muke karatu. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaure wa babban tebur leshi har ƙasa. Mu ɗalibai mun yi anko shuɗi. Ga 'yan uwa, ga maƙwabta, ga jikoki. A babban tebur ga Malama Asabe, ga shugaban makarantar, ga babbar baƙuwa, wata Hajiya daga ofis mai tabarau da jaka mai sheƙi, irin matan da in sun kalle ki sai ki duba ko zaninki ya karkace.

Mai kayan sauti wani dattijo ne, Malam Sule, ya zo da janareto da manyan lasifika biyu da kwamfutarsa. Na je na gaishe shi, ya amsa, muka tambayi gida da iyali da zafi, sannan na kwance bakin zanina na miƙa masa filashi. Tabawa na biye da ni.

Ya jona ya ce, "Hajiya, biyu na gani. Wanne za a sa?"

Ai da na ce masa ya karanta da kansa, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma ina! Na gyara tsayuwa, na matsa kusa, na karanta masa su da kaina, ina ɗora yatsa a kan kowane harafi. Na karanta "a kunna wannan" tsaf, ban yi tuntuɓe ba. Sannan na karanta "rubutu". Sai wani tunani ya faɗo mini, wanda a lokacin na ɗauka ilhama ce. Yau bikin mene ne? Bikin karatu da rubutu. To a bikin rubutu a kunna kiɗan da ba rubutacce ba? Ai rubutaccen shi ya dace da Malama.

Na ce, "Malam, na biyun za ka sa."

Ya leƙa ya ce, "Hajiya, wanga fa ƙarami ne ƙwarai. Ko hoto ɗaya ya fi shi nauyi. Anya akwai waƙa ciki?"

Na yi wani murmushi irin na manyan malamai. Na ce, "Malam Sule, ai Midi ke nan. Ba sauti ba ne, rubutu ne. Na'urarka ce za ta karanta. Duniya duk an yi yarjejeniya, lamba ɗaya fiyano ce a ko'ina."

Tabawa ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Maman Nafisa, yaushe kika zama injiniya muna zaune?"

Malam Sule ya ce, "To bari in ɗan gwada mu ji."

Na ce, "A'a, kada ka ɓata wa Malama mamakin." (Ku lura da kyau. Allah Ya aiko mini da ceto har sau biyu a bakin bawan Allahn nan, na mayar.)

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka raba takardun shaida. Sai mai gabatarwa ta ce yanzu ɗaya daga cikin ɗalibai za ta rera waƙar da ta rubuta da hannunta. Ta kira ni. Na ji mata suna cewa, "Wa? Maman Nafisa? Waƙa?" Na fito gaban babban tebur. Aka ba ni makirufo. Malama ta dube ni ta yi murmushi, har ta fara kai hannu kunne don tsokana. Na ɗaga wa Malam Sule kai.

Inda sarewa za ta buɗe, sai na ji kukan tsuntsaye.

Tsuntsaye sosai, cui-cui-cui, wani na hawa wani na sauka. Mutane suka ɗaga kai suna duban darbejiyar makarantar. Na ce a raina, kai, Nafisa akwai iya shiri, wato ƙari ta yi mini ba ta faɗa ba. Har na ɗan gyaɗa kai irin na wadda ta san da zancen.

Inda kalangu zai shigo, sai waya ta fara ƙara.

Ba irin ta yanzu mai waƙa ba, irin ta ofishin da, ƙirrr-ƙirrr. Mata wajen sittin suka duƙa cikin jakunkuna a lokaci ɗaya. Dama dokar Malama ce, wadda wayarta ta yi ƙara a aji ita ke share aji, to jiki ya saba. Babbar baƙuwa ma ta buɗe jakarta mai sheƙi ta duba wayoyinta biyu. Mai gabatarwa ta ce, "Don Allah a kashe wayoyi, a girmama taro!" Amma wayar nan ba ta daina ba. Kuma abin mamaki, tana hawa tana sauka, tana lanƙwasa, tana yin duk abin da kalangu ke yi. Waya ce take yi wa Malama Asabe kirari.

A nan ya kamata in tsaya. Mai hankali tsayawa za ta yi. Amma na ƙirga bugun a raina, na ji wurin shigata ya zo daidai, sai kawai na shiga: "Malama Asabe, kin riƙe hannuna..."

Inda algaita za ta ja numfashi, sai jirgi ya taso.

Jirgi mai saukar ungulu, fat-fat-fat-fat, daga cikin lasifika biyun nan, kamar a kan rumfar zai sauka. Yara suka fita da gudu suna ɗaga hannu sama suna, "Jirgi! Jirgi!" Shugaban makaranta ya miƙe ya gyara hula, ya ɗauka wani babba ne ya zo ba sanarwa. Ni kuwa na ga jirgin zai danne mini baiti, baitin da na yi mako biyu ina gogewa. Wani abu ya taso mini daga ciki. Na buɗe baki na ƙwala: "ALLI YA KARYE, KE BA KI KARAYA BA!" Ni kaina sai da na waiga in ga wace ce. Tsuntsu na kuka, waya na ƙara, jirgi na shawagi, ni ina tsakiya ina rantse wa duniya cewa ban ji kunya ba.

Ina rufe baki a kan "ban ji kunya ba", wurin babbar ganga ya zo.

Tau! Tau! Tau!

Kun san zamanin da muke ciki, ba mai jin irin wannan ƙarar ya tsaya tambaya. Kujerun roba suka tashi sama. Takalma suka rabu da masu su. Kular zobo ta kife. Wata tsohuwa da aka kawo a kan babur saboda ciwon gwiwa, ita ta fara kai wa bakin ƙofa. Ni kuwa, ni da na kawo kiɗan, ni da na san ganga sau uku ce a ƙarshen baiti, ban san lokacin da na ɗaga leshin babban tebur na shige ƙarƙashi ba.

Cikin duhun leshin na laluba na kama wata ƙafa mai kauri. Na ce wannan ta Tabawa ce. Na ga kamar ƙarshena ne ya zo, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Wata rana a aji biyu Tabawa ta kawo wa Malama alkaki a roba, aka fita salla, aka dawo an rasa guda uku. Aka ɗora wa akuyar maigadi, har Tabawa ta bi ta da takalmi. Na rungume ƙafar nan na ce, "Tabawa, ki yafe ni don Allah! Alkakin nan ba akuya ba ce, ni ce! Ukun duka ni ce! Kuma ranar na taya ki zagin akuyar!"

Abu biyu ne ban lura da su ba. Na farko, makirufo yana hannuna, a kunne, a bakina. Matar da ba a jin sallamarta, ranar an ji ta har bakin titi. Na biyu, ƙafar tana sanye da takalmi mai tsini, Tabawa kuwa tun da na san ta silifa take sawa.

Sai wurin kiɗan ƙwarya ya zo. Me kuke tsammani ya fito? Tafi. Tafi raf-raf-raf na mutane kamar dubu, daga cikin lasifika, ga fili ba kowa sai takalma. Na'ura ce take tafa mini a kan satar alkaki.

Malam Sule, wanda ya ɓuya a bayan janareto, ya lallaɓo ya kashe. Wuri ya yi tsit. Aka ɗaga leshi. Na ɗaga kai, sai ga tabarau. Babbar baƙuwa ta dube ni daga sama ta ce, "Baiwar Allah, in kin gama, ina son ƙafata."

Na fito da rarrafe. Mata suna dawowa ɗaya-ɗaya suna neman takalmansu. Daga can bayan aji na jiyo Tabawa, ba makirufo amma ta fi ni ƙara: "Alkakina! Shekara guda ina gaba da akuyar mutane! Injiniya, ashe ke ce!" Malam Sule kuwa sai rantsuwa yake yi wa shugaban makaranta: "Wallahi na ce a gwada, ta ce duniya an yi yarjejeniya!" Na saci kallon Malama Asabe. Ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Na ce shi ke nan, na sa matar nan kuka a ranar sallamarta. Ko takardar shaidata ban ɗauka ba, na ja hijabi na rufe fuska na bi ta ƙofar baya. Baiti uku suka koma gida a cikina.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Maigidana yana zaure, ya dube ni ya ce, "Sannu da sauka. An ce da jirgi kuka je." Na wuce ciki.

Nafisa ta dawo bayan la'asar. Na ba ta labari ina share hawaye. Ta yi ƙoƙari, Allah Ya sani ta yi ƙoƙari, har ta cusa gefen mayafi a baki. Da na kai wurin tafi sai ta zame daga kan kujera.

Da ta samu numfashi ta ce, "Umma, ai shi ne sauran bayanin da kika gudu kika bari. Waɗanda suka jera lambobin nan ba su san kalangu ba, ba su san algaita ba. Ba su ba su lamba ba. To a can ƙarshen jerin akwai wasu tarkace da ake sa wa fim: ɗari da ashirin da huɗu kukan tsuntsu, da biyar ƙarar waya, da shida jirgi, da bakwai tafi, da takwas bindiga. Ni ba na amfani da su, sai na kwashe su na zuba namu a gurbinsu. Amma a kwamfutata kaɗai. Ta Malam Sule ba ta san na yi haka ba. An ce mata ɗari da ashirin da biyar, ta duba jerin duniya, ta ga waya, ta buga waya. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba."

Na ce, "To shi ɗayan fa?"

Ta ce, "Shi dafaffe ne. Kwamfutata ta riga ta karanta shi da kayanmu, na ɗauke sautin. Ko a ina aka kunna shi haka zai fito. Shi ya sa na rubuta a kunna wannan." Ta ga har yanzu ina zumɓura baki, sai ta ce, "Umma, gwangwanin madarar da ke kan kantarki, me ke ciki?"

Na ce, "Barkono."

"Na shayin fa?"

"Kanwa."

"To in baƙuwa mai karatu ta shiga madafarki ta haɗa shayi da abin da ta karanta a jikin gwangwani, laifin wa?"

A nan na gane. Wato kwamfutar Malam Sule irina ce: sabuwar shiga karatu, duk abin da aka rubuta shi take bi, ba ta tambaya. Bambancinmu ɗaya, ita ta bi abin da aka rubuta mata, ni kuwa an rubuta mini "a kunna wannan" na karanta da kyau na kunna wancan. Abin da na koya ke nan, kuma kyauta nake ba ku: iya karatu daban, jin magana daban. In ana yi miki bayani aka yabe ki a tsakiya, zauna, yabon ba shi ne ƙarshen bayanin ba. Wake kuma in ya ga dama ya ƙone.

Washegari da safe na yi wanka, na ɗauki littafina, da ƙwarya da ludayi biyu, na biya na sayi alkaki cikin leda, na hau babur zuwa gidan Malama a Ƙofar Sauri. Sallama ɗaya na yi aka amsa. Ina shiga na tarar da Tabawa ta riga ni, tana tsakar gida a duƙe, ta rungume ƙafar turmi tana nuna yadda na yi.

Na durƙusa na ce, "Malama, na zo ba da haƙuri. Na sa ki kuka a gaban mutane."

Ta ce, "Kuka? Maman Nafisa, dariya ce ta hana ni ɗaga kai, har yanzu haƙarƙarina ciwo yake. Shekara uku ina roƙon ki ɗaga murya. Da na san jirgi kike jira, ai da tun aji ɗaya na nemo haya." Ta miƙo mini takardar shaidata, gefenta da ɗan jan zobo.

Na miƙa wa Tabawa leda. Ta buɗe ta ƙirga ta ce, "Shida. To uku nawa. Ukun kuma ki kai wa akuya, ita aka ɓata wa suna."

Na kifa ƙwarya a ƙasa na ba Tabawa ludayan na ce, "Kiɗa za ki yi mini. Kuma ƙwarya nake so, ba jirgi ba."

Na buɗe littafi na fara daga farko. Ina cikin baiti na biyu sai waya ta yi ƙara, ƙirrr. Mu ukun duka muka juya muka kalli ƙwaryar. Ashe ta Malama ce a ɗaki. Ta ce, "Bar ta ta yi ta yi. Ci gaba."

Na ci gaba har baiti na huɗu. Hannunta bai je kunne ba ko sau ɗaya, sai dai ido da ya je ya goge.